Gayyar da Ubale Ya Kira

Yayana Ubale bai iya zama ba. Ba rashin tarbiyya nake nufi ba, jikinsa ne kawai ba ya shiri da tabarma. In an zuba masa tuwo a tsugune yake ci, ƙafa ɗaya tana rawa, idonsa yana bakin ƙofa kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Innarmu takan ce tun yana ciki haka ya hana ta sakat. Ni ce ƙanwarsa, Rahamatu, autar ɗakinmu, kuma tunda ni na fi kowa shan wahalar wannan rashin zama nasa, ni ya dace in ba da labarinsa.

A Tudun Ƙofa aka haife mu, cikin garin Keffi, amma gonarmu tana Jigwada. Na ce gonarmu ne don baki ya saba. Ƙasar ta gidan su Monday ce, Gwandara manoma, su suka ba mahaifinmu aro tun ba a haife ni ba. Sharaɗin ba shi da yawa. Kowace kaka a kai musu damin dawa guda, don kada a manta da mai ƙasa. Sannan duk inda damina ta wuce garma ba ta taɓa ba, wurin ya koma hannun masu shi. Babu wanda ya taɓa gardama a kan haka, don Baba bai taɓa barin ko taki ɗaya ya kwana ba.

A tsakiyar gonar, kan ɗan tudu, akwai wata ɗorawa. A gindinta Baba yake salla, a gindinta yake cin abinci, daga ita muke samun kalwar daddawarmu ta shekara. In ka ce wa ɗan gidanmu gona, ɗorawar nan yake fara gani a ransa.

Lokacin da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, Ubale yana ganiyar samartaka, kuma a gayya ba a kama ƙafarsa. Shi da Monday sa'o'in juna ne, kullum su ne a kan kunyar farko, makaɗi yana zuga su, su kuma suna zagin juna cikin raha har su kai ƙarshe. Gayya a Jigwada ba alfarma ba ce. Ka je wa mutum da bayanka da garmarka, ran taka ya zo maka da nasa. Ba a rubutawa, amma ba a mantawa, kowa yana riƙe da nasa a ka.

Da Baba ya rasu sai ƙafar Ubale ta samu sarari. Ya yi karen mota a hanyar Kaduna. Ya je haƙar kuza a Jos, ya dawo da tari da wata hular ƙarfe da babu wanda ya san amfaninta. Ya sayar da gwanjo, ya koyi tuƙi, ya kusa shiga soja lokacin yaƙi, Inna ta zauna a zaure ta ce sai dai ya tsallake ta. Ya auri Huraira, yarinya mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Amma duk inda ya shiga, da hadari ya fara haɗowa za ka gan shi ya dawo yana wasa garmar Baba. Gonar nan ce kaɗai igiyar da ta taɓa riƙe shi.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai yarda ba. Masinja ya sayi babur, malamin makaranta ya daina gaida mai bashinsa da rusunawa, shinkafa ta ƙetare ta cika kasuwa har ana yi wa tamu kallon raini. Cikin wannan hidima aka wayi gari an jera taraktoci jajaye a wani fili bayan gari, sababbi ful, ana ba manoma haya. Daga wata ƙasa ta Turai aka kawo su, ba kuma da kuɗi hannu ba. Ƙasar ce ta ba gwamnati bashi, da sharaɗin a sayi kayanta da kuɗin. Sunan ƙasar ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka riƙa ce mata Ƙasar Tarakta. Har bakanike suka haɗo mana da shi, wani dogon Bature mai jan wuya da kullum tsumma ke leƙowa daga aljihunsa, muka sa masa Mai Tsumma.

Ubale na cikin direbobin farko da aka ɗauka. Ni kuma na kafa tandar waina a bakin yadin taraktocin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

In ce Ubale ya ji daɗi ma na rage. Ya samu abin da ya fi shi rashin zama. Aikin da samari ashirin za su wuni suna yi, shi kafin hantsi ya gama ya kaɗa kai gaba. Ya tumɓuke kaɗanyu da kututturan gonarmu don haro, wato garmar tarakta, ya samu hanya. Da ya doso ɗorawar Baba, ni da Huraira muka tsaya a gabanta, na ce masa sai dai ya haɗa da mu. Ya yi dariya ya kauce. Garmar Baba kuwa ƙotarta ta fita, Huraira ta mai da bakin abin ɗebo garwashi.

Ba marowaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. In ya tashi daga aikin haya, sai ya biya ta gonar wannan ya ja masa kunya goma, ya biya ta ta wancan ya kammala masa. Tsofaffi suna sa masa albarka, mata suna aiko masa da ƙwai. In an aiko masa goron gayya sai ya ce, “Ku ce masa ya sha kuruminsa, jar motar za ta biyo gobe.” Jar takan biyo kuwa. Shi ne dai ba ya zuwa.

A hankali gangar noma ta yi shiru a Jigwada. Kowa ya faɗaɗa gonarsa fiye da ƙarfin hannunsa, tunda ga tarakta. Samari suka ga babu abin da ya rage musu a gona, ga shi an fara ginin Abuja nan kusa da mu, sai suka tattara suka tafi ɗaukar kwanon siminti. Monday ne kaɗai da wasu tsirarun dattawa suka ci gaba da zagaya gonakin juna, saboda doya suke yi, ita kuwa tarakta ba ta iya tsibin doya. Ubale yakan tsaya a bakin hanya da injin a kunne ya ɗaga murya, “Monday, har yanzu kana nan kana sosa wa ƙasa baya?” Monday ya ɗago ya ce, “Oga direba, a gaida baƙin ƙarfe.”

Shekarar da aka fara maganar tsuke bakin aljihu, tun da rani taraktocin suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai Tsumma yana cire kayan wannan yana sa wa waccan, har aka zo kan ta Ubale, famfon mai ya lalace, babu kuma inda za a ciro wani. Aka ce sipiya, wato kayan gyara, tana hanya, tana cikin jirgin ruwa. Ubale ya shiga sintiri. Da safe yana yadi, da rana yana tasha yana tambayar direbobin Legas, washegari ya hau mota zuwa Jos, ya dawo ya wuce Kaduna. Ya rame. In ya zo wurina ko wainar ba ya iya tsayawa ya ci, sai ya dunƙule ta a hannu yana zagaya matacciyar motar yana ƙwanƙwasa ta. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, ƙasa ta jiƙu tana ƙamshi, gonarmu tana kwance.

Wata safiya muka ga Mai Tsumma yana ɗaure akwatunansa a bayan mota. Ubale ya tare shi a gaban tandata.

“Oga, ina kuma za ka? Sipiyar fa?”

Baturen ya ɗan koyi Hausa, irin ta guntu-guntu. Ya goge hannu da tsummansa ya ce, “Ubale, sipiya babu zuwa. Ni ma aiki babu. Gida.”

Ya daɗe yana bayani, rabi Hausa rabi Turanci, wani akawu yana cike masa giɓi. Abin da na tsinta shi ne, ashe ba mu kaɗai Ƙasar Tarakta ta ba bashi ba. Ta ba ƙasashen gabas, ta ba na yamma, ta ba wasu can ƙetaren teku, kowa da taraktocinsa ko injinan masaƙa ko jiragen ƙasa. Kuɗin da take rabawa kuma ba duk nata ba ne, yawanci ajiyar wasu ce a bankunanta, har da ta masu arzikin mai irinmu. Sai wata babbar ƙasa cikin masu cin bashin ta fito ta ce ba ta da abin biya. Jin haka sai masu ajiya suka ruga neman kuɗinsu. Bankunan wasu ƙasashe da suka ranta wa bankunan Ƙasar Tarakta su ma suka tsorata, kowa ya damƙe aljihunsa. Kamfanin taraktar ya ce ko ƙusa ba zai sake aikowa ba sai ya ga kuɗi a ƙasa, mu kuma man namu ya faɗi warwas.

Ubale ya ce, “To mu ina ruwanmu da mutanen ƙetaren teku? Mu mun ce ba za mu biya ba ne?”

Mai Tsumma ya ɗaga kafaɗa. “Kowa yana neman nasa rana ɗaya. Babu mai isa.”

Ya bar wa Ubale sufana biyu da tsumman, ya shiga mota ya tafi. Rediyo ta yi ta maganar kasuwannin kuɗi na duniya sun rikice, wai har manyan bankuna suna tangal-tangal. Ni dai tangal-tangal ɗin da na gani da idona na yayana ne.

Amma Ubale ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin la'asar ya shigo gida da ƙarfinsa yana cewa, “Gayya zan kira. Asabar mai zuwa. Duk Jigwada akwai wanda ban yi wa huɗa ba? Huraira, a jiƙa dawa, a nemo akuya.”

Na ce, “Yaya, yaushe rabonka da gayyar wani?”

“Jar ba ta je ba?”

“Jar ta je. Kai nake tambaya.”

Ya harare ni ya ce bakina ya fi tandata zafi. Ya karɓi bakin garmar Baba daga murhu, ya karkaɗe toka, ya kai wa maƙeri ya sa mata sabuwar ƙota. Ya bi gida-gida da goro. Kowa ya karɓa ya ce Allah ya kai mu, shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin alkawari.

Ran Asabar tun da sassafe muka kai tukwane gindin ɗorawa. Tuwon da muka tuƙa zai ci da rabin unguwa, ga miyar kuka da naman akuya, ga kunu randa guda. Makaɗin da ya aika wa ya ce an riga shi. Ba a jima ba muka fara jin ganga daga gabas, can kuma wata ta amsa daga wajen rafi, wata daga hanyar Panda. Ashe duk wanda tarakta ta yaudara ya faɗaɗa gona, ranar ya sa tasa gayyar. Kowa yana neman hannu, hannuwan kuwa suna Abuja.

Ubale ya hau tudu ya duba hanya. Ya sauko ya gyara murfin tukunya da ba ta buƙatar gyara. Ya ja kunya rabi, ya yar da garma, ya sake hawa tudu. Rana ta ɗaga. Ƙudaje suka gano naman. Huraira ta sunkuyar da kai tana ta jujjuya kunu.

Wajen hantsi sai ga Malam Mijinyawa, wani dattijo maƙwabcin gonarmu, da garma a kafaɗa. Ubale ya tare shi da fara'a, amma tsohon ya yi sallama zai wuce.

“Baba Mijinyawa, ba nan za ka ba?”

“Wurin Monday za ni, ɗana.”

“Bara wa ya yi maka huɗa? Da bariya?”

Tsohon ya sauya wa garmar kafaɗa. “Motar gwamnati ce, ta hannunka, Allah ya saka maka. Na gode, har gobe ina godiya. Amma Monday da bayansa ya zo mini, ya wuni a duƙe a gonata. In ban je masa ba yau, da wane ido zan dube shi?”

Ya wuce. Ubale ya tsaya yana kallon bayansa. Shekara da shekaru yana tafe da tunanin duk Jigwada akwai hakkinsa a kansu, ashe kyauta ya yi ta yi da abin da ba nasa ba, aka gode masa, magana ta ƙare a nan.

Can ya juyo ya ce, “Ku ɗauko tukwanen.”

Haka muka bi shi a jere da tuwo a ka har gonar Monday. Mutanen ba su kai goma sha biyu ba, mafi yawansu masu furfura. Ganga ta tsaya. Monday ya miƙe yana share gumi da bayan hannu.

“Oga direba, ka ɓata hanya ne?”

“Ba ni kunya, Monday.”

Monday ya dube shi, ya dubi tukwanen, ya nuna masa ta gefe. Mutumin da dā ba a kama ƙafarsa, ranar tsofaffi suka bar shi a baya. Sitiyari ya mai da tafinsa na jariri. Kafin azahar hannun ya yi bororo, kafin la'asar sun fashe, ƙotar ta yi ja. Ya yage tsumman Bature ya naɗe, ya ci gaba. Ba a taya mutum kunyarsa a gayya, don haka suka tsaya a ƙarshen gona suna jiransa har ya iso shi kaɗai. Na juya baya don kada ya ga idona.

Da aka zauna cin tuwonmu, Monday ya ce masa, “Yanzu ka shiga layi. Amma ka san kai ne na ƙarshe.”

Wannan jiran shi ya fi ciwon hannun cin ransa. Yau gonar wannan, jibi ta wancan, kullum ya bi ta gefen tamu da safe ya ga ciyawa ta ƙara tsawo, ya biyo da yamma ya sake gani. In ya samu sarari ya faɗa mata shi kaɗai, amma me hannu ɗaya mai ciwo zai yi wa filin da aka buɗe don tarakta? Barci ya ƙaurace masa, abinci sai a tsaye. Huraira ta ce ko a salla sai ta ga yatsun ƙafarsa suna motsi.

Ranar da layi ya zo kansa lokacin shukar dawa ya kusa ƙurewa. Suka zo, duk wanda ya je wa ya zo, babu wanda ya noƙe. Monday ya dubi ciyawar ya ce, “Ubale, mu fara daga ɗorawa mu gangara. Abin da muka samu shi ke nan.”

“A'a. Daga bakin rafi za mu faro. Kafin la'asar mun wuce ɗorawa.”

“Dubi mutanen da kake da su fa.”

“Na ce za mu kai.”

Ko a ranar bai iya ɗaukar kaɗan ya haƙura ba, yayana ke nan. Suka faro daga rafi. Tsofaffin nan sun yi iya yinsu, Allah ya sani. Amma da rana ta yi ja, kunyar ƙarshe ta tsaya ana hangen ɗorawa daga nesa kaɗan, tazarar da yaro zai iya jefa dutse. Ubale ya ce gobe zai ƙarasa da kansa. Washegari hannun dama ya tashi ya kumbura har gwiwar hannu, sai da wanzami ya tsaga shi. Bai sake riƙe ƙota ba sai da ruwa ya ɗauke.

Kafin kaka, rikicin nan dai da ya kashe jar ya tsayar da gine-gine da yawa a Abuja, aka sallami leburori. Samarin Jigwada suka dawo da jakunkunansu, cikinsu har da 'ya'yan Monday da na 'yan'uwansa, kowa yana neman inda zai sa garma baɗi. Don haka ban taɓa ganin laifin gidan su Monday ba, ko da yake na so in gani.

Bayan an yanke dawa, Ubale ya ɗaure dami mafi kyau cikin ɗan abin da ya samu. Monday ya zo gonar da kansa, ina wurin ina kala. Suka gaisa, suka yi maganar hannun, suka yi maganar tsadar gishiri. Sannan Monday ya kau da kai ya ce, “Tsohonmu ya aiko ni. Ka san maganar.”

“Na sani.”

“Ba son raina ba ne, Ubale. Yara sun dawo.”

“Na ce na sani. Kafa abinka.”

Monday ya bi bakin kunyar ƙarshe yana kafa turaku. Da ya gama ya ce, “Ɗorawar, in ta yi 'ya'ya, Rahamatu ta riƙa yi wa Lea magana, ba za ta hana ta ba.” Lea matarsa ce, mutuniyar kirki. Amma kalwar da na tashi ina tsinta ba da izinin kowa ba, yanzu sai na yi sallama.

Monday ya ɗauki damin ya tafi. Na zaci Yaya zai yi abin da ya saba, ya kaɗe riga ya ce gobe zai tafi Kaduna ko Legas neman wani abu. Sai na ga ya tsallake turakun a hankali, ya hau tudun, ya je gindin ɗorawar daidai inda Baba yake shimfiɗa buzunsa. Ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya jingina bayansa.

Na jira ƙafar ta fara rawa, ba ta yi ba. Na kira shi na ce rana tana faɗuwa, mu tafi gida.

Ya ce, “Je ki, Auta. Bari in ɗan zauna, tun ba su zo sun share wurin ba.”